Ranar da Mika'ilu Ya Zaga da Surukinsa

Shekara biyu da wata bakwai Mika'ilu yana zaune shi kaɗai a wani ɗan ɗaki a unguwar Al Buteen ta Dubai, kullum ya bi mota zuwa Ras Al Khor inda yake kula da sito na kayan gyaran mota. Albashi ba laifi. Takardun kawo matarsa Sauda ma sun daɗe da kammala. Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya: mahaifinta, Alhaji Halliru, ya ce 'yarsa ba za ta zauna inda ba dangin iya ba na baba ba.

A Janairun 2018 sai ga Alhajin ya zo Dubai sarin yadi. Sauda ta bugo waya daga Kano.

"Ga dama ta samu," in ji ta. "Don Allah ka yi masa magana da bakinka."

Da bakinsa! Wane ɗan mutunci ne zai tari surukinsa da irin wannan zance? A gida kawu ake turawa, ko wani dattijon unguwa. To a nan wa zai tura? Mai gadin sito ɗan Pakistan da suke gaisawa da hannu kawai?

Ranar Asabar ya kai Alhajin yawon buɗe ido. Suka fara da kasuwar kayan ƙamshi ta Al Ras, ga buhunan kanumfari da busasshen lemon tsami jere har bakin hanya, masu shago na ta "habibi, shigo". Alhaji ya shinshina citta, ya taɓe baki, ya ce ta kasuwar Kurmi ta fi ta yaji. Mika'ilu yana baya da taku biyu, ledoji a hannu, kansa a ƙasa. A kwalekwalen da ya haye da su ruwa ma can ƙarshe ya zauna, yana ta shirya maganar a zuci har suka sauka.

Bayan azahar suka hau tasi zuwa babban lambun furanni. Alhaji ya tsaya gaban jirgin saman da aka lulluɓe da fure, ya riƙe baki ya ce, "Kai, Larabawa da ɓarnar ruwa!" Mika'ilu kuwa mutane yake kallo. Kowa da nasa: wani na gyara wa matarsa mayafi kafin hoto, wani na bin ɗansa da gudu. Kaɗaicin ya taso masa har ya ji kamar ya yi kuka.

Ya sayo shinkafa da naman rago ya ajiye wa tsohon, shi kuma ya koma gefe ya ce ya ƙoshi. Ai ba a cin abinci gaban suruki.

Alhaji ya wanke hannu, ya yafito shi.

"Malam Mika'ilu, wa ke yi maka girki a nan?"

"Gidajen abinci ko'ina, Baba."

"In ba ka da lafiya fa?"

Ya tuna zazzaɓin da ya kwantar da shi kwana uku bara, ko mai ƙwanƙwasa ƙofa bai samu ba. Amma namiji ya kai wa surukinsa kuka? Sai ya ce, "Asibitinsu da kyau, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "To ba wata damuwa ke nan?"

Maganar ta zo har leɓe, wallahi ta zo. Kunya ta danne ta.

"Babu komai, Baba. Alhamdulillahi."

Kwana uku bayan Alhaji ya koma, Mika'ilu na tsakiyar jera kwalaye a sito sai ga kiran Sauda. Muryarta ta dushe, da ji ta sha kuka.

"Kafin ya tafi ya gaya wa Umma cewa in ya tarar kana shan wahala, zai bar ni in zo. Ya ce har sau uku ya buɗe maka ƙofa."

Mika'ilu ya zauna a kan kwali.

"Ya yabe ka sosai," ta ci gaba. "Ya ce kai yaro ne mai kunya, kuma ya gani da idonsa ba abin da ka rasa. Don haka in yi zamana."