Ranar da Silas Ya Ba da 'Yarsa

Kafin 'yan bindiga su shiga Michika, Silas ne tafintan majami'arsu. Fasto ya faɗa da Hausa, shi ya juya da yaren Kamwe, kuma tsofaffin mata sun fi son nasa, don yakan ƙara gishiri. Matarsa Selina takan ce bakin nan nasa ne ya sace ta daga gidan ubanta.

A daminar 2014 garin ya faɗi. 'Yan bindigar suka tare Silas a hanyar gona, suka ce ya bar addininsa ya bi su. Ya ce a'a. Suka ɗora masa bindiga a kunci suka sake tambaya, ya sake cewa a'a. Harsashin ya shiga ta muƙamuƙi, ya tafi da rabin harshensa. Cikin ganyen wake Selina ta same shi. Da baro aka tura shi har inda suka sami mota, suka bi ta Gombi da Girei, suka haye gadar Binuwai zuwa Jimeta.

Ya rayu, amma magana ta tafi. Abin da ke fita daga bakinsa wani gurnani ne da Selina kaɗai ke ganewa. Yakan danna abin da yake so ya faɗa a waya, sai dai kafin ya gama an wuce zancen.

A unguwar Rumde suka zauna, gidan Hajja Bintu, 'yar Barno mai sayar da turaren wuta. Mutanen da suka harbi Silas su ne suka kashe wanta a Bama, malamin da ke koyar da Alƙur'ani. Ita ta ba su ɗaki, ita ta nuna wa Selina inda ake sarin kifi a bakin kogi. Da suyar kifin nan aka yi wa 'yarsu Nancy makaranta har ta zama nas, har wani saurayi daga unguwar Mbamoi ya kawo kayan aurenta.

Ana shirin biki sai dattawan majami'a suka kira Selina. Shugabansu Malam Bawa ne, mai koyar da ilimin harsuna a jami'a, mutumin kirki da kowa ke girmamawa. Ta sha zama a darasinsa na ranar Laraba a majami'a. Ya taɓa bayyana musu yadda biri ke da kukan da yake yi in ya ga damisa, da wani daban in ya ga maciji, amma ba zai iya ba da labarin damisar jiya ba. Ya ce ɗan Adam kaɗai ya yi doguwar tafiyar nan daga nuni da hannu zuwa jimla, kuma a ganinsa magana ce tambarin kamannin Allah a jikin mutum. Ranar Selina ta ji daɗin darasin, har ta tafa.

"Maman Nancy," in ji Malam Bawa, "kin san Fasto zai tambaya wa ke ba da yarinya, kuma dole a amsa jama'a su ji. Mun ga ya fi kyau wan mijinki ya tsaya. Silas ya zauna kusa da ke ya huta. Don mu rufa masa asiri ne, dangin ango ba su san shi ba."

"Kun tambaye shi?"

Dattawan suka dubi juna. Ɗaya ya ce ai ita ce bakinsa.

"Ni matarsa ce. Yana gida, kunnuwansa lafiya lau."

"Kada ki ɗauka da zafi," in ji Malam Bawa. "Alkawari da baki ake yinsa."

Selina ta gyara ɗaurin zanenta. "Malam, kai ka koya mana cewa magana ce ta raba mu da dabba. Tun da muka zo garin nan nake kallon yadda ake gaishe ni a tsallake shi, kamar na zo da akuya a igiya. To akwai mai aku a kasuwar Jimeta, tsuntsuwar nan tana sallama, har Fillanci take yi. A kawo ta ta ba da Nancy mana, tunda tana da baki."

"Aku kwaikwayo take, ba ta san ma'ana ba."

"Shi ya sani. An ɗora masa bindiga, ya san abin da zai biyo baya, ya ƙi. Wace dabba ce ka taɓa ji ta ga hanyar tsira a buɗe ta ƙi bi saboda Ubangijinta?"

Malam Bawa ya yi ɗan murmushi. "Ai a'ar da ya ce, ita ma kalma ce."

"Ita ce ta ƙarshe da ya faɗa, kuma ku kuka ci amfaninta. Kun sha kafa misali da shi a kan bagade kuna wa'azi. In ana neman mai bangaskiya, Silas ne. In ana neman uba, sai a ce ya zauna ya huta. Ban yarda ba."

Ta fito ba ta jira addu'ar rufewa ba. A keke Napep ta yi kukanta, ta share ido kafin ta iso Rumde. Ta sami Silas a tsakar gida yana gyara mata murhun suya, ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ta ce in shi ma ya fi so wansa ya tsaya, ba za ta ƙara cewa uffan ba. Ya daɗe yana kallon murhun. Sannan ya dafa ƙirjinsa da tafin hannu, ya shiga ɗaki ya fito da babbar rigarsa ya miƙa mata a kai guga.

Hajja Bintu na bakin ƙofarta tana ji. Ta ce da Hausarta ta 'yan Barno, "Wannan mata yana da zuciya, wallahi. Maman Nancy, ni ba na shiga coci, amma zan tsaya a waje da 'yan unguwa. Duk wanda ya yi dariya ya fito ya same mu."

Ranar Asabar majami'a ta cika. Wan Silas na zaune a layin gaba, an riga an gaya masa shi zai tashi. Da Fasto ya tambaya wa ke ba da Nancy, Silas ya riga shi miƙewa. Ya taka har gaban bagade, ya kama hannun 'yarsa, ya karɓi makirufo.

Abin da ya fito ba Hausa ba ne, ba Kamwe ba. Sauti ne mai kauri, yana katsewa yana dawowa, yawu na zuba a kan rigar da aka goge. Wani a cikin dangin ango ya yi tari don ya ɓoye dariya. Fasto ya juyo ya dubi Selina, yana jira ta fassara. Ta naɗe hannuwa a ƙirji ta dube shi ita ma. Silas bai yi sauri ba. Ya faɗi duk abin da ya zo faɗa, mai tsawo, Nancy na gyaɗa kai hawaye na bin kwalliyarta. Sannan ya ɗora hannunta cikin na ango ya danne su da nasa.

Wata tsohuwa 'yar Michika ce ta fara cewa amin daga baya, sauran suka ɗauka. A waje Hajja Bintu ta rangaɗa guɗa.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wan Silas ya tafi bai ci abincin biki ba, kuma a zaɓen da ya biyo baya aka cire Selina daga shugabannin zumuntar matan majami'a, wai ba ta da ladabi ga dattawa. An aiko mata ta je ta ba da haƙuri, ta ce tana da kifi a wuta. Malam Bawa bai janye darasinsa ba, amma ya zo Rumde da kansa, ya zauna a tabarma da Silas, ya yi tambaya ya jira har aka gama danna amsar.

Bayan sati biyu Silas ya je wurin 'yan kwaya, mawaƙan majami'a, suna gwaji. Mai ganga bai zo ba. Ya ja kujera ya zauna, ya sa gangar tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗaga musu kai su fara.