Tini-wini

A yi haƙuri da rubutun nan, a kan gwiwa nake yi a bayan rumbu, fensirin ma ya kusa ƙarewa... wa ma zai karanta?

Wasiƙar Ramlatu tana cikin zanena. Yau kwana uku. Isiyaku direba ne ya miƙo min ran kasuwa, wai Baturiyar makarantarmu ta bayar a Kano. Ita Misis, a wurinta Ranon su Ramlatu da Kibiyarmu gari ɗaya ne. Wai ni, Saude, zan kai mata. Saude 'yar aike.

Ban buɗe ba. To... na ɗaga ta a rana. Kalma ɗaya na iya gani.

Tini-wini.

Tawa ce! Wallahi tawa ce. Ajin ɗinki, kowa ya fita, Misis ta kawo ƙyallena kusa da tabaraunta, ta ce ɗinkina tini-wini ne. Wai haka suke ce wa abu ɗan mitsitsi a garinsu in suna wasa da yara. Akwai itti-bitti ma. Ta taɓa min kai. Wata guda ina juya su a baki kamar alewa, na hana su narkewa.

Sai a bayan mota, hanyar gida, a kan buhuna, na raɗa wa Ramlatu. Ni da bakina. Me ya kai ni?

Muna komawa makaranta tururuwa ta hau teburin Misis, sai Ramlatu da muryar nan tata ta mai tallan fura: "Itti-bitti, Misis!" Aji ya fashe. Misis har da share hawaye. A ina kika samo? Ta ɗaga kafaɗa kawai. Ina layi na biyu, bakina kamar na ɗinke shi da kaina.

Ita da ko zare ba ta iya sa wa allura!

Iya ta hura wuta, ga hayaƙi nan. Takarda ai ba ta daɗewa... wa zai sani? An ce za a zaɓi yarinya ɗaya ta yi karatu ran bikin 'yancin kai. In shi ne a ciki fa? In na ƙona, ni za a ba? Ni, a gaban taro? Ko sunana sai an ce in maimaita.

Anya ma Misis ta tuna wa ta fara gaya wa? Ƙila ni ɗin ma sai an kawo ni kusa da tabarau kafin a...

"Saude! Fito, ga ƙawarki ta Rano ta zo da gwaggonta!"

Gumi ya jiƙa wasiƙar, murhu yana kan hanyar zaure, ni ban san ko in...