Abin da ke Bayan Ƙofar Gabas

Mai gyaran firji ya rufe shago da wuri ranar Asabar, ya kamo hanyar gida da niyyar yau a yi ta ta ƙare. Auta ba za ta je ba. Makonni ke nan tana tambayarsa, kullum amsarsa ɗaya, zai duba. Ya duba har kansa ya yi ciwo, bai ga komai ba.

Auta ce 'yarsa ta ƙarshe, ba ta taɓa kwana a waje ba in ba gidan gwaggonta ba. Yanzu kuma wai mota za ta shiga ta tafi wani gari mai nisa, taron masu wani wasa. Ta sha yi masa bayanin wasan. Wasu mutane ne suka ƙirƙiri duniya a cikin littafi, da ƙasashenta da dodanninta, sai 'yan wasa su zauna a tebur, kowa ya zama wani mutum a cikin duniyar. Ita Auta ba a wasan kawai ta tsaya ba, ƙari take rubuta wa duniyar. Gari guda ta gina, da kasuwarsa, da yadda mutanensa ke gaisawa. Masu taron sun gani, suka ce ta zo ta jagoranci tebur.

"Ƙari kamar yaya?" ya taɓa tambayarta.

"Kamar a yi wa gida ƙarin ɗaki, Baba."

"Gidan wa?"

"Ba na kowa ba ne."

"To mai filin ya sani?"

Daga nan maganar ta watse.

Yana shiga falo ya tarar an kwashe kwanuka daga teburin cin abinci, an shimfiɗa wata babbar taswira da aka zana da hannu. Babban ɗansa, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, yana zaune ya miƙe ƙafa. Kusa da shi ga Tsinke, ɗiyar ƙanwarsa, wadda aka ce da ita za a yi tafiyar. A tsakiya ga wasu 'yan lido na jefawa masu fuskoki da yawa, ba irin waɗanda ya sani ba.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Auta, ta jawo masa kujera. "Ka zo a daidai. A taron da baƙi zan zauna, ina son in gwada garin a kan wanda bai san komai ba."

"Ni ne ban san komai ba?"

"A wannan fannin kawai."

"Ki ba shi matsayin mai gadin ƙofa," in ji Yaya. "Ba ya buƙatar koyo. Ina za ka, yaushe za ka dawo, da wa za ka. Ai aikinsa ne tun muna firamare."

Tsinke ta ƙunshe dariya. Mai gyaran firji ya harari ɗansa, amma ya zauna, don ya ga maganar da ya zo da ita za ta fi daɗin faɗa a zaune. Auta ta danƙa masa wani ɗan gunkin katako mai riƙe da mashi.

Ta fara labari da wata murya da bai san tana da ita ba. Garin a kan bayan wani ƙaton kunkuru yake, wanda ya yi barci tun kafin a haifi kakannin kowa. Mutanen garin ba sa ɗaga murya, kada ya farka. Walƙiya suke kamawa a kwalba su haska gidajensu.

"Nama fa? A ina suke ajiyewa?"

"Baba, ba su da firji."

"Allah sarki."

"Ni maharbiya ce, Kawu," in ji Tsinke. "Yaya kuma mai haɗa magani. Mun iso ƙofar gabas, muna son ka buɗe mana."

Ya dubi gunkin da ke hannunsa, ya dubi Tsinke. Yarinyar da ko kyankyaso ta gani sai ta hau kujera, yau ita ce maharbiya.

"Me zan ce?"

"Duk abin da mai gadi zai ce."

Ya gyara murya. "Ina za ku?"

Yaya ya buga tebur. "Ban gaya muku ba?"

"Neman wani ganye za mu," in ji Tsinke. "Kunkurun ya fara tari a cikin barci."

"Iyayenku sun sani?"

"Kawu, shekarata ɗari biyu a wasan."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Auta ta ce tunda mai gadi yana gardama, sai a jefa ɗan lido. Idan lamba ta yi sama, maharbiya ta shawo kansa. Tsinke ta hura iska a tafinta ta jefa. Ita da Yaya suka saki ihu.

"Ka yarda ke nan, Baba. Buɗe."

"Yaushe na yarda?"

"Ɗan lidon ya nuna."

"Wannan ɗan robar ne zai san zuciyata? Ni fa ban ji na yarda ba."

Ya sunkuyo kan taswirar don ya ga inda ake ta wannan ɗoki a kai. Cikin gari an cika shi da zane, lungu-lungu, har da rijiyoyi da wurin shanya. Ya bi babban titi da yatsa har ƙofar gabas. Daga ƙofar zuwa bakin takardar, fari fat.

"Nan kuma mene ne? Ƙanƙara?"

"Ban rubuta wurin ba tukuna."

"Ba ki rubuta ba. To me ke can?"

"Babu komai tukuna."

"Babu komai, kuma can za su?" Ya danna yatsa a kan farin. "In buɗe ƙofa yara su taka ina? Ƙasar ma babu!"

"Idan sun taka za a samu," in ji Auta. "Ni ma sai sun je nake sanin abin da ke can."

Ya rasa ta inda zai kama wannan magana. Shi a aikinsa ba ya kunna na'ura sai ya bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya ya ga inda kowacce ta nufa.

"Ba zan buɗe ba sai an sa wani abu a wurin."

Auta ta ɗauki fensir. "To faɗi. Me kake so a sa?"

Ya ce a sa hanya mai kyau, wadda babu rami. Ta zana. Ya ce a sa wurin da za su tsaya su ci abinci mai zafi, ba na bakin titi ba. Ta zana ɗan gida da hayaƙi. Ya ce a sa gidan wata dattijuwa da aka sani, wadda za ta tare su a tasha.

"Babu tasha a duniyar nan," in ji Yaya.

"A gina."

Tsinke ta ce, a hankali, ai ƙawar mamarta tana zaune a garin da za a yi taron, kuma ta riga ta ce su sauka a wurinta. Mai gyaran firji ya juyo ya dube ta.

"A kan kunkurun take?"

"A'a, Kawu, a gaske."

"To wanne muke yi yanzu?"

Auta tana ta zane, kanta a ƙasa. Ta yi gada a kan hanyar, sannan ta sa wasu idanu biyu a ƙarƙashinta.

"Wannan fa?"

"Wani abu ne ke zaune a nan."

"Goge shi."

"Ba zan goge ba, Baba."

"Ke ce fa mai fensirin! Wa ya tilasta miki?"

"Ko na goge, wani zai fito a gaba. Haka hanya take." Ta ɗago ta dube shi. "Amma ba su fita hannu sake ba. Sun daɗe a garin nan, an koya musu abubuwa."

Ya so ya tambaya wa ya koya musu, sai ya fasa, don bai tabbata su wa ake nufi ba. Ya dubi idanun da ke ƙarƙashin gada. Da fensir aka yi su, yanzu a gabansa, amma sai yake jin tsoronsu. Ya dubi hannun Auta, duk gefen tafinta ya yi baƙi da gogar zane. Bai san yaushe ta zauna ta haƙa wa mutanen nan rijiyoyi ba, yana gidan.

Ya matsar da gunkin gefe, ya bar bakin ƙofar.

"To ku je. Amma kada ku tsaya a kan gadar nan. Kuma kuna isa ku kira ni."

Tsinke ta miƙa hannu za ta ɗauki ɗan lido, sai ta tsaya. Yaya ya janye ƙafafunsa ya zauna sosai.

"Baba," in ji Auta, muryarta ta koma tata ta kullum, "babu waya a duniyar nan."

"To?"

"To wa ya yi maganar? Mai gadi ko kai?"

Ya laluba a ransa da gaske, ya rasa inda ɗayan ya tsaya ɗayan ya fara. Daga ƙofar kicin matarsa ta leƙo da ludayi a hannu.

"Ko waye ya faɗa, ni dai na ji da kunnena."

"Ke kuma wace ce a wasan?"

"Mai jiran teburinta."

Mai gyaran firji ya share wuyansa da hankici. Ya sake duban farin da ya rage a takardar, har yanzu ya fi wanda aka zana yawa.

"Motar da safe take tashi?" ya tambaya.

"Da safe, Baba."

"Ni zan kai ku tasha. Ta gasken." Ya nuna ƙofar gabas da haɓa. "Wannan kuma a bar ta a buɗe, ko yaya ake yi?"