Tumbin Silin

Sai da suka gama da ƙofofin kaf sannan Auta ta yarda a taɓa silin ɗin ɗakin Inna. Ba wai ƙofofin sun fi gaggawa ba, tsoro take ji.

Tun da Baba ya rasu gidan yake rufe. Yaya, babban wansu, ya ɗauke Inna zuwa gidansa na saman bene, inda take wuni a bakin taga tana kallon motoci. Duk sanda Auta ta je gaishe ta zancen ɗaya ne: yaushe za a mayar da ita ɗakinta? Shi kuwa Yaya ya kafe. Ya ce silin ya yi tumbi, gara ta cinye katakon rufin, ba zai kwantar da mahaifiyarsa ƙarƙashin abin da zai rufto mata ba. Gwamma a sayar da gidan kowa ya huta.

Shi ya sa Auta ta ɗauki hutu daga shagon maganin da take aiki, ta ja mijinta Dogo suka zo da guduma da tsani. Suka ciccire ƙofofin, suka shimfiɗa su a tsakar gida, suka kankare fenti kan fenti har asalin katakon ya fito ja jawur. Ta yi ta goga har tafin hannunta ya yi kanta.

Da safen da za a buɗe silin, Yaya ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

Dogo ya hau tsani, ya sa bakin guduma ya ɓamɓare allon da ya kumbura. Ƙura ta zubo masa a ka, da busassun ciyayi da fuka-fukai. Ya yi atishawa har tsanin ya girgiza.

"Sauko, ba ni tocilar," in ji Auta. "In mugun labari ne, gwamma idona ya gani."

Ta hau, ta cusa kai cikin ramin. Ta haska. Katako ne jere, baƙi ƙirin saboda tsufa. Ta ƙwanƙwasa na kusa da ita, ya amsa da ƙarfi. Ta caka masa ƙusa, ƙusar ta ƙi shiga. Ta gwada na gaba, haka. Can sama ta hango wani ɗan rami a jikin kwano, rana na leƙowa ta ciki, ƙarƙashinsa kuma tsohuwar sheƙar tattabaru da ruwan sama ya jiƙa har nauyinta ya danne allon.

Ta zaro kai daga ramin. Ta zauna a kan matakin tsanin tana dariya, hawaye na wanke ƙurar fuskarta.

"Lafiya?" Yaya ya tambaya.

"Garar taka mai fuka-fuki ce, Yaya. Hau ka gani."

Ya hau da farar rigarsa. Ya daɗe a ciki yana ƙwanƙwasawa. Da ya sauko bai kalli kowa ba, sai ya ja doguwar ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdulillahi." Sannan ya naɗe hannun riga. "Amma wayar wutar can duk ta zazzage, ɓera ya gama da ita. Kada wanda ya taɓa ta a cikinku. Ni zan kawo mai gyaran wuta."

Haka aka yi. Dogo ya toshe ramin kwanon, su biyu da Yaya suka tallafe sabon allo da kawunansu Auta na buga ƙusa, tana yi musu tsiya wai yau kan manya ya yi amfani. Makunnin fitilar kuma ta sa aka sauko da shi daidai gefen gado.

Ranar da aka kawo Inna, ta shafa ƙofarta, ta shiga, ta zauna a bakin gado. Ta danna makunnin, ɗakin ya haske tar. Ta kashe, ta sake kunnawa.

"Wannan haske haka? Duk tsufana a fili!" Ta tura takalmanta ƙarƙashin gado. "To, ku fita mini, zan ɗan miƙe bayana."