Allurar Ruwa

Sista ta fasa wuyan 'yar kwalbar, ta zuƙe abin da ke ciki da sirinji, ta ɗaga shi tana ƙyastawa da farce sai ka ce wani magani mai daraja. Ƙaramar likita, wadda wata uku ke nan da fara koyon aiki a ɗakin mata, ta karanta rubutun jikin kwalbar sau biyu.

"Sista, wannan ai ruwan haɗa allura ne."

"To da me kike so ya zama, 'yata? Babban Likita ya ce a yi wa mai gado na bakwai. Gwaji ne. In ta yi shiru, dama ƙarya take. In ta ci gaba da ihu, allurar mofin take nema, 'yar ƙwaya ce."

"In kuma ciwon gaske ne fa?"

"Ku 'yan bita kun cika tambaya," in ji Sista, ta wuce abinta.

Da safiyar nan Babban Likitan da kansa ya tsaya a zauren taro wajen bita yana koya musu yadda ake kula da raɗaɗi. "Ku yarda da mara lafiya," haka ya ce, hannunsa a ƙirji. "Ku auna ciwon, ku ba da magani daidai gwargwado, ku koma ku duba." Shafi tara likitar ta cika da rubutu, idonta har da ƙwalla, tana jin ta sake faɗawa son aikin nan kamar ranar farko.

Mai gado na bakwai tela ce, sa'ar likitar, mai ciwon sikila. Tun hantsi take murƙususu tana kiran mahaifiyarta. Da aka yi mata allurar, ba a yi minti goma ba ta yi tsit.

"Kin gani?" Sista ta ɗaga gira. "Ruwa ya warkar da hajiya."

Likitar ta je ta kama wuyan hannun telar. Jijiyar na bugawa kamar za ta fasa fata. Gumi ya jiƙa matashin kai, ta cusa bakin zanen gado tsakanin haƙoranta.

"'Yar'uwa, ya jikin?"

Telar ta tofar da zanen. "Na san ruwa ne, likita. Karo na huɗu ke nan."

"To me ya sa kika yi shiru?"

"Bara na yi ihu, aka rubuta min 'yar ƙwaya a bayan fayil. Da na dawo, wuni na yi a kan benci ba wanda ya kalle ni. Gara na haɗiye."

Likitar ta tarar da Babban Likita a ofis yana zaɓen hotunan bitar a waya. Bai ɗago ba har ta gama bayani.

"Yarinya, zaure daban, ɗaki daban. Shekara ashirin ina ganin irinsu. Ba ta yi shiru ba?"

"Ranka ya daɗe, tsoro ne ya rufe mata baki."

"Ke ce za ki koya min? Kin dai san wanda zai sa hannu a takardar kammala zangonki." Ya juyo mata da wayar. "Wannan ya fi, ko wanda nake murmushi?"

Ta fito tana jin kamar ta taka ƙazanta da ƙafa ba takalmi.

A teburin ɗakin ta buɗe fayil. Sista ta riga ta rubuta: an ba da maganin ciwo, ta samu sauƙi. Likitar ta ja layi ɗaya a kai, ta rubuta a ƙasa: ruwa aka yi mata. Ta duba nauyin telar, ta lissafa adadin mofin, ta rubuta lokacin da za a sake dubawa, ta sa hannu. Kabad ɗin da ake kulle mofin ba ya buɗuwa sai da sa hannun mutum biyu, makullin kuma yana wuyan Sista.

Sista ta karanta, ta ɗago ta dube ta.

"Kin san Babban Likita zai gani gobe in ya zo zagaye?"

"Don ya gani na rubuta, Sista."

"Maimaita zango ba wasa ba ne, 'yar nan."

"Na sani."

Sista ta ja tsaki, ba a san da wa take ba. Ta zare igiyar daga wuyanta, ta karɓi biron.

Likitar da kanta ta tura maganin a hankali, ta jawo kujera ta zauna tana ƙirga numfashi. Yatsun telar suka fara sakin ƙarfen gadon ɗaya bayan ɗaya. Telar ta dubi sirinjin, ta dubi likitar. Sai a lokacin ta fashe da kuka, da ƙarfi, har matan sauran gadajen suka juyo.