Koriyar Rigar Hamza Mai Zana

"Ka shige gaba," in ji Tukur. "Kai ne mai laya."

Muna tsaye a bakin wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe a bayan tashar Kawo, shi yana ta karanto addu'a yana tofawa a ƙirji, ni kuwa ina gyara zaman rigata. Koriyar shadda ce shar, doguwa har idon sawu, wadda ba na fito da ita sai sallah ko ɗaurin aure. Na ce tunda gidan aljanu aka ce za mu, bari su ga ba ƙaramin mutum ne ya zo musu ba.

Ni ne Hamza Mai Zana na Unguwar Shanu. Ban taɓa zama a aji ba, amma babbar mota ta kife da mu a hanyar Zariya na fito ina kakkaɓe wando. Ranar da garin nan ya kama da wuta kuwa, na ratsa ta tsakiyar masu adduna, ba wanda ya ko kalle ni. Layar zana ce a damtsena, wadda kan rufe idon maƙiyi. Shekara da shekaru ina faɗa a majalisarmu ta gindin dalbejiya, shekara da shekaru abokina Tukur yana cewa rama ce ta cece ni, wai sun ɗauka sandar rake ce ke wucewa.

Abin da ya kawo mu shi ne jikata Bara'atu. Ta gama karatun zane da kwamfuta, ta samu aiki wurin masu yin fim ɗin nan mai dogon zango, Birnin Ƙasan Ruwa, wanda yaran unguwa ba sa cin tuwo sai sun kalla. Akwai wani dodo a ciki mai kai irin na kada da fukafukai. Tukur ya gan shi sau ɗaya a wayar ɗansa, ya rantse hannun ɗan Adam bai yi wannan ba, boka ne ya kamo musu shi. Abin da Tukur ya faɗa da la'asar kuma, kafin magariba ya shiga kowane gida. Mata suka fara janye 'ya'yansu in Bara'atu ta wuce. Ubanta Ja'afaru, ɗana, ma'aikacin gwamnati ne, bai yarda da zancen ba, amma surutu ya ishe shi.

"Baba, ranar Asabar suna buɗe wa jama'a wurin," ya ce da ni. "Ka je da Malam Tukur. In ya dawo bakinsa bai sauya ba, ta bar aikin. Ba zan bari a ɓata mata suna ba."

Daren nan ko tuwo yarinyar ba ta taɓa ba.

Wani saurayi dogo ya tarbe mu, mu da sauran 'yan kallo, mata da yara da 'yan makaranta. Ya ce sunansa Irmiya, shi zai zagaya da mu.

"Baba, sannu da zuwa. Kai ne kakan Bara'atu? Kullum sai ta ba mu labarinka."

"Wanne daga ciki? Suna da yawa."

"Na motar da ta kife."

"Wannan ƙarami ne, yaro. Mu je."

Ɗakin farko, muna shiga, sai ga dodon nan baki buɗe a kan wani benci. Tukur ya ja da baya har ya taka wata mata. Ni ban motsa ba. Ƙafata ta ɗan yi nauyi, amma wannan sanyin siminti ne. Irmiya ya kama hannuna ya ɗora a kan hancin dodon, sai na ji abu laƙwas.

"Soson katifa ne, Baba. Ciki waya ce da bututun ruwa."

Na matsa, ya lotsa, ya dawo. Haƙoran nan da suka hana yaran unguwarmu fita fitsari, ashe itace ne aka fere aka shafa wa fenti. A gefe wata dattijuwa, Magajiya, tana zaune da almakashi tana yanka tsohuwar tayar keke ƙanana-ƙanana, tana liƙa su ɗaya bayan ɗaya, su ne ɓawon jikinsa. Na durƙusa na duba aikin. Na yi aikin masaƙa tun ina da gashi baƙi, na san hannun da ya iya. Babu ɗaya da ya hau kan ɗan'uwansa ba daidai ba.

"Baiwar Allah, wa ya koya miki?"

"Ɗinkin kayan amare nake yi a da, Baba. Amare sun fi shi wahala. Shi ba ya cewa ya matse shi."

Mata suka kwashe da dariya. Tukur ya raɗa mini: "Wannan na nunawa ne. Na gasken yana ciki."

Ɗaki na biyu na sauti ne, an manne bangonsa da kwalin ƙwai. Wani yaro ya ɗaga fallen kwanon rufi ya girgiza, wallahi sai da na duba sama ko hadari ne. Ya buɗe lema ya rufe, ya buɗe ya rufe, Irmiya ya ce fukafukan dodo ke nan. Ya karya karan dawa a bakin makirufo, ƙashin jarumi ya karye. Ni da na ji karayar ƙashi ta gaske a cikin motar nan, na ce ya ƙara yi. Ya ƙara. Haka take, ba ragi.

Sai birnin kansa. A fim, in an nuno shi, ganuwarsa ta fi ta kowane gari da na taɓa shiga. Ga shi nan a kan tebur, bai fi tabarmar sallah biyu ba. Laka ce da kwali da tsinken tsintsiya, ƙofofi kamar na akwatin ashana, har da 'yan tulunan ruwa a bakin kasuwa waɗanda ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Na daɗe a tsaye. Mutum ya zauna ya gina gari guda da yatsunsa, ya sa wa kowane gida taga, alhali ya san ba mai leƙawa! Na ce wa Irmiya ya nuna mini wanda ya yi in sa masa albarka, ya ce ya tafi sayen gam.

"To ina wanda ke tashi sama?" Tukur ya tambaya. "Soso ba ya tashi."

"Yanzu za ka gani, Malam. Aikin su Bara'atu ke nan."

Ɗakin ƙarshe ya fi duka girma, kuma babu komai a rabinsa. Bango kore, ƙasa kore, fitilu a sama kamar rana ta sauko. A ɗaya gefen ga wata ƙatuwar talabijin, ga Bara'atu a gaban kwamfuta da hijabinta ruwan toka. Tana ganina ta miƙe.

"Tsoho, ka iso? Wa ya biya maka kuɗin mota?"

"Ke dai amarya, ba ki iya tarbar miji ba. Ina ruwan sha?"

Sai idonta ya sauka a kan rigata. Ta sa hannu ta rufe baki. "Kaka, tsaya, kada ka..."

Ina! Irmiya ya riga ya ce wa zai fara shiga, kuma ba a taɓa neman na farko ina wurin wani ya riga ni ba. Na taka koren nan na tsaya a tsakiya, na juyo na fuskanci jama'a.

Sai wata yarinya ta ƙwalla ƙara.

Na waiga ga talabijin. Ga fadar Sarkin Ruwa, ginshiƙai na zinariya, kifaye suna wucewa. Ga hulata. Ga kaina da gemuna, ga tafin hannuwana biyu suna yawo. Tsakanin wuya da takalmi kuwa babu Hamza. Wani kifi ya zo ya ratsa ta inda cikina ya kamata ya kasance, ya fita abinsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Tukur ya zube a ƙasa. "Ta ci! Layar ta ci! Hamza, ka yafe mini. Duk abin da na faɗa a kanka na janye. Jama'a, wallahi gaskiya yake faɗa, mutumin nan ɓacewa yake yi!"

Ba zan ɓoye muku ba, tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin abu mai daɗin wannan ba. Tukur a durƙushe, a gaban shaidu, wayoyi sun ɗago ana ɗauka. Na ɗaga hannu, hannun ya tashi shi kaɗai a cikin ruwa. Na ji kamar in tsaya a nan har la'asar.

Irmiya yana ta cewa, "A'a, ku saurara, launi ne, na'urar tana cire duk abin da yake kore," amma wa ke jin sa? Wata mata ta finciki 'ya'yanta biyu ta nufi ƙofa. Tukur ya miƙe yana nuna bango da yatsa.

"Ban faɗa ba? Shekara nawa layar nan tana barci, sai yau da ta ji 'yan'uwanta! Akwai aljanu a gidan nan. Wallahi yau sai Ja'afaru ya ji, sai unguwa ta ji!"

Na dubi Bara'atu. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna, ta ɗauke hannunta daga kan kwamfutar ta ɗora a cinya, irin zaman wanda ya gama aiki a wuri. Tun tana rarrafe take zane da gawayi a bangon ɗakina, ina korar ta tana dawowa.

Na sake duban talabijin. Takalmina yana nan, baƙi ne. Hulata tana nan, fara ce. Ba sai an kai ni makaranta ba.

Dattijo irina ba ya tuɓe riga a gaban mata. Ko a asibiti sai da aka yi da gaske. Na kama wuyan shaddar nan na zare ta ta kai, na tsaya daga ni sai 'yar shara da farin wando, haƙarƙarina a waje ana ƙirgawa, layar tana ɗaure a damtse kowa yana gani. A talabijin, Hamza ya dawo cif, tsamurarre, a tsakiyar fada.

"Ga laya, ga ni," na ce. "Tukur, zo nan."

"Ba inda za ni."

"Kana da laya?"

"Allah ya kiyaye. Ni ban taɓa ɗaurawa ba."

"To zo, matsoraci. Yara suna kallon ka."

Na jawo shi, na zura masa rigar. Tumbin nan nasa da ke riga shi shiga masallaci ya ɓace ɗungurungum, sai kai da kunnuwa. Ya shafa cikinsa, ya duba talabijin, ya sake shafawa. Wani ɗan makaranta ya fara dariya, sai ɗakin ya ɗauka. Matar da ta kai ƙofa ta dawo. Tukur ya ɗaga gefen rigar, gwiwarsa ta fito. Ya saki, ta tafi.

"Kai! Ashe tsumma ne!"

"Shadda ce, ba tsumma ba. Ka san nawa na saye ta?"

Bara'atu ta taso ta yafa mini wani mayafi. Sannan ta koma ta taɓa wani abu, sai ga dodon ya sauko daga sama yana kaɗa fukafukai, ya sauka daidai kafaɗar Tukur. Ta nuna mana yadda ta ɗauki hoton soson nan, ta sa masa ƙashi na zane a cikin kwamfuta, tana ja yana motsi, gaɓa bayan gaɓa. Ta ce ƙiftawar idonsa kaɗai ta ci mata mako. Tukur ya sa ta maimaita har sau nawa, yana cewa, "'Yar nan, sa shi ya yi hamma." Da ƙyar Irmiya ya fitar da shi, wasu na jiran layi.

Da la'asar, a gindin dalbejiya, ban samu na buɗe baki ba. Tukur ne a tsaye yana ba da labari da hannu da ƙafa: soso, tayar keke, lema, gari a kan tebur. Ja'afaru ya tsaya da motarsa ya saurara daga nesa, ya gyaɗa kai, ya shige gida.

"Ni da kaina na ɓace!" in ji Tukur. "Kai kawai ya rage! Ku tambayi Hamza. Shi kuwa layarsa tana damtse, amma ƙiri-ƙiri muna ganin sa har haƙarƙari."

Majalisa ta fashe. Wani ya ce daga yau Tukur ne Mai Zana, nan take kuma sunan ya kama. Na ce musu laya ba ta tashi don wasan yara, sai ranar wuya, amma dariya ta hana su ji.

Ana cikin haka Bara'atu ta sauka daga Keke Napep da jakarta a kafaɗa. Matar Tukur da ke bakin ƙofa ta ƙwala mata kira, wai yaushe za ta kai jikokinta su gani. Bara'atu ta zo ta durƙusa ta gaishe mu, ta ajiye mini rigata a ninke, an goge ta.

"Tsoho," ta ce a hankali, "Litinin da sassafe zan fita. In tashe ka?"

"Ni za ki tasa? Kafin a haifi ubanki nake riga zakara."

Ta tafi tana dariya. Tukur Mai Zana ya miƙo hannu zai taɓa rigar, na buge hannun, na sa ta a ƙarƙashin cinyata.