Ɗakin Kalangun Baba Tamu

"Riƙe nan, Baba, kada shi zame," in ji Labbo, da ƙusoshi uku a bakinsa.

Baba Tamu ya dafe buhun da hannun hagu, na daman yana rataye a gefensa yana ɗan karkarwa. Labbo ya buga ƙusa, ya ja baya ya duba. Bango uku sun riga sun sha tsofaffin buhunan albasa da ya roƙo wajen wani abokinsa a Aliero, ya cika su da ƙaiƙayin shinkafa, ya danne da katako. Saura bangon da ya raba gidajensu biyu, sai taga, sai ƙofa.

Labbo kafinta ne, a unguwar nan ta Jega aka haife shi, kuma tun yana rarrafe yake jin kalangun maƙwabcinsu ta bayan katanga. Shekara arba'in Baba Tamu ya yi yana yi wa mahauta kiɗa a kasuwa da wuraren biki, har ranar da ya faɗi a bakin masallaci ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ne ya ƙi. Sai ga saƙo daga Maiyama: za a naɗa ɗan tsohon ubangidansa Sarkin Fawa nan da wata biyu, kuma babu wanda ya san taken gidansu irin Tamu. Tun daga ranar tsoho ya sauko da kalangu daga inda yake rataye. Kullum bayan azahar sai ya zauna ya yi ta bugawa, makaɗi yana kuɓucewa, ya ɗauka, ya koma farko.

A lokacin Raihana matar Labbo ba ta yi arba'in da haihuwa ba, jaririyar kuma ba ta samun barci sai da rana. Wata rana da ƙyar aka lallaɓa ta ta rufe ido, sai kiɗa ya tashi. Labbo bai san sanda ya isa jikin katanga ba.

"Baba, don Allah a ji tausayinmu! Hannun ga ya mutu, a bar shi shi huta mana!"

Kiɗa ya tsaya. Bai sake tashi ba washegari, bai tashi ba jibi. A rana ta huɗu Inna Gudiya, matar tsohon, ta shigo ganin jaririya, ta faɗa wa Raihana cewa maigidan ko tuwo ba ya taɓawa. Labbo ya je ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa.

"Tashi, ɗana, gaskiya kah hwaɗi," in ji Baba Tamu. "Ni ba tsawar taka ta yi mani ciwo ba. Ashe duk unguwa na jin ina kuskure. Ni Tamu."

A nan Labbo ya ce a ba shi ɗan ɗakin ajiyar da ke ƙuryar gida da kwana uku, zai gyara shi yadda ƙarar kiɗa ba za ta fita ba.

Ya yi aikin da zuciya ɗaya, fiye da yadda yake yi wa masu kuɗi. Ya toshe taga, ya bar ƙaramar kafar iska can kusa da rufi. Ya yanka soson tsohuwar katifa ya manna a bayan ƙofa daga sama har ƙasa, ya zagaye bakinta da robar tayar babur yadda in an rufe ko haske ba ya ratsawa. Ya kawo fankarsa mai caji ya ajiye a gefen kujera. Da aka gama ya ce, "To, Baba, shiga ka gwada. Buga iyakar ƙarhinka, ka ƙwala wa Inna kira."

Suka tsaya a tsakar gida, shi da Inna Gudiya, suka kasa kunne. Babu abin da suka ji sai wani ɗan dum-dum can ƙasa, kamar ana daka a wata unguwa. Can ƙofa ta buɗe, tsoho ya leƙo yana gumi.

"Gudiya, kin ji mi nic ce?"

"Ban ji komi ba."

"Madalla. Cewa niy yi miyarki ta jiya ba gishiri."

Ta wurga masa mafici. Labbo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya koma gida yana jin ya biya laifinsa.

Sati biyar aka yi haka. Jaririya ta yi ta barcinta. Wani lokaci Baba Tamu yakan tare Labbo a hanyar masallaci ya buɗe masa tafin hannunsa na dama, ya dunƙule, ya buɗe. "Ka gani? Jiya na kai rabin take ban yar da makaɗi ba." Har ya ba tela ɗinkin sabuwar riga.

Ranar wata Talata, saura kwana tara naɗi, Labbo yana ƙofar gida yana goge katakon gado. Aka kira la'asar, aka yi salla, bai ga tsohon a sahu ba. Ya ɗauka ko kiɗa ne ya yi daɗi. Yana dawowa ya ji muryar Inna Gudiya, wata irin murya da bai taɓa ji a bakinta ba, tana kiran sunansa.

Ƙofar ƙaramin ɗakin ba ta da sakata, amma ta ƙi turuwa. Da ya sa kafaɗa ya gane dalili: Baba Tamu ne kwance a bayanta. Kujerar tana can ƙurya a kife, kalangu a gefenta, fanka tana ta juyawa. Daga kujera zuwa ƙofa taku huɗu ne, kuma ga sawun jan jiki a kan tabarma. Makaɗin yana damƙe a hannunsa na hagu. Jikin da sauran ɗumi, amma Labbo ya taɓa wuyansa ya san an gama.

"Nan nike zaune," Inna Gudiya take ta faɗa, tana nuna gindin turmi. "Nan nike, ina tsince wake. Nan."

Sai da aka ɗaga gawar Labbo ya ga bayan ƙofa. Daidai tsayin gwiwa soson ya yi ramuka ƙanana, sun fi goma, duk girman kan makaɗi. Ya tsaya yana kallonsu. Sannan ya tura ƙofar ta jingina da bango yadda ba wanda zai gani.

Aka yi wa tsohon sutura kafin magariba. Mahauta suka rufe rumfunansu suka zo, wasu da jini a bakin wando. Labbo ne ya sassare itacen kabari, ya kama makara tun daga ƙofar gida har maƙabarta bai yarda an karɓe shi ba. Wani ma'aikacin asibiti da ke cikin masu ta'aziyya ya ce irin wannan ciwon shanyewar jiki karo na biyu ko a gaban likita ya zo sai ikon Allah. Labbo ya ce haka ne. A gida Raihana ta ajiye masa abinci, ya ɗaga murfi ya mayar.

Bayan sadakar uku ya ɗauki guduma da abin cire ƙusa ya yi sallama. Inna Gudiya tana zaune a kan tabarma cikin mayafin takaba, carbi a hannu.

"Inna, na zo in kwance kayan ga."

"Wa ya aike ka?"

Ya durƙusa. Maganar da ya kwana uku yana haɗiyewa ta fito a karye. "Inna, ya yi kira. Ya bugi ƙohwa. Ni na sa soson da ya hana ki ji."

"Na sani," ta ce. "Ni na share ɓarɓashin."

Ta ja carbi ɗaya, biyu. "Sati biyar ɗin ga, Labbo, shina hitowa ɗakin nan da dariya. Rabon da in ga haƙoranai tun kahin ciwo. Wannan ma kai ka yi shi. Kwanansa ne ya ƙare." Ta gyara mayafi. "Bar mani ɗakin. Gida cike da mutane, kowa na ce mani in yi haƙuri, kuka ba kyau. Ina da inda zan shiga."

Labbo ya miƙe. Ya tattara kayan aikinsa ya fita.

Baƙi suka watse bayan bakwai. Ranar naɗi motar mahauta ta wuce ta bakin titi zuwa Maiyama da wani makaɗi daga Aliero. Labbo bai fita kallo ba. Da aka sauko daga la'asar ya karɓi kwanon fura daga hannun Raihana ya ce shi zai kai.

Ya yi sallama a zaure sau uku, ba a amsa ba. Ya leƙa. Tsakar gida a share, turmi a kife. A ƙofar ƙaramin ɗakin ga silifas ɗin Inna Gudiya, ɗaya ya hau kan ɗaya, ƙofa a rufe ruf.

Ya ajiye kwanon a inuwa ya rufe da faifai. Sannan ya zauna a bakin zaure inda zai iya hango ƙofar, ya harɗe hannuwa a gwiwa. Wata kaza ta zo ta tona ƙasa kusa da takalman, ta wuce. Inuwar katanga ta rarrafo a hankali har ta rufe su, shi kuwa yana nan zaune yana jiran ƙofar ta motsa.